Wanda Ya Tuƙa Babur Ɗin

Mai Firji yana kwance a ƙasan shagonsa, ya tura kai bayan wata tsohuwar firiza yana laluben inda gas ke zurarewa, sai wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Ba ta tambayi aiki ba, ba ta tambayi ko ya ci abinci ba.

"Baban 'yan biyu, ka zo gida yanzu."

"Lafiya dai?"

"Ka dai zo. Ja ƙofar shagon kawai, kada ka tsaya tattara kaya."

Ya miƙa hannu kan ƙusar da yake rataye makullin babur, ya ji wayam. Sai a lokacin ya tuna cewa ƙanensa, autan gidansu, ya shigo da hantsi ya ce zai ɗan je ya ɗauki hoto ya dawo nan da nan. Auta ba shi da lasisi. Mai Firji ya san haka, domin shi da kansa ya koya masa tuƙi a filin bayan gidansu, shi ne kuma kullum yake cewa wata mai zuwa za su je a yi masa.

Da ya isa gida ya tarar da mahaifiyarsu a tsaye a bakin ɗakin baya, inda yake jibge matattun firji da tsofaffin katifu. Ta riƙe marikin ƙofar tamkar wani zai ƙwace mata ita. A ciki Auta ne zaune a kan katifa, har yanzu da hular kwano a kansa. Wandonsa ya yage daga gwiwa zuwa ƙasa. Ƙwaurinsa na dama ya buɗe, a gefen raunin kuma ga wata doguwar ƙuna, fatar wurin ta saluɓe ta yi fari.

"Ina babur ɗin?" in ji Mai Firji, don ya rasa abin da zai fara tambaya.

"Yaya, wallahi ban gan shi ba sai da ya sauko titi. Wani tsoho ne, da ledar lemo a hannunsa. Na taka birki, babur ya zame da ni, muka yi ciki da shi. Babur ɗin ya danne mini ƙafa. Na ji mutane suna ihu suna tahowa, ni kuma na zare ƙafata na bi ta lungu."

"Tsohon fa?"

"Ban sani ba. Na ga dai lemo yana ta gangarawa."

A tsakar gida 'yan biyu suna faɗa a kan murfin kwalba, uwarsu ta daka musu tsawar da ba ta taɓa yi musu irinta ba.

Inna ce ta fara magana, muryarta can ƙasa. "Babba, ai takardun babur ɗin duk sunanka ne, ko?"

"Sunana ne, Inna."

"Har da na inshorar nan da kake biya kana mita?"

"Har da su. Amma ni kaɗai suka shafa. In wani ne ya tuƙa, balle marar lasisi, ko kallonmu ba za su yi ba."

"To." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ba wanda ya ga fuskarsa. Kai kana da lasisi, kana da takardu, hatsari ne ya same ka kamar yadda yake samun kowa. Su biya wa bawan Allahn nan asibiti, magana ta mutu. Shi kuwa wannan, kai ma ka san shekarun da ya yi yana zaman banza kafin kamfanin nan su kira shi. Wata mai kamawa zai fara aiki. In sunansa ya shiga caji ofis, shi ke nan."

Mai Firji ya dubi matarsa, wadda ta zo ta tsaya a bayan Inna. Kai kawai ta girgiza kaɗan, yadda surukarta ba za ta gani ba. Ya dubi Auta, wanda ya goya a bayansa ranar da aka binne mahaifinsu. Ya sa hannu ya cire masa hular kwanon, ya sa ta a hammata, ya fita.

A caji ofis abin ya zo da sauƙi fiye da yadda ya zata. Ya ce shi ne mai babur, shi ne ke tuƙi, tsoron taron jama'a ne ya sa ya gudu. Ɗan sandan da ke kan tebur ya yi masa faɗan gudun, ya rubuta bayani, wani maƙwabcinsa ya zo ya yi belinsa. Tsohon yana da rai, an ce, amma ya bugu a kai, bai farfaɗo ba. Aka ce ya je ya sanar da kamfanin inshorarsa, kuma kada ya yi nisa da gari.

Ofishin inshorar yana saman wani bene, da kujeru a jere da sanyi mai ratsa ƙashi. Yana zama kunnensa ya gaya masa cewa kwamfiresar na'urar sanyaya ɗakin ta kusa mutuwa, ya ji tana wani kakari kafin ta tashi. Ya riƙe wannan tunanin da kyau, don ya fi sauran tunanin da ke kansa daɗi. Wata budurwa ta karɓi bayaninsa ta ce za a turo wanda zai duba lamarin.

Wanda aka turo ɗin ya zo shagon ne da rana tsaka, bai yi waya ba. Dattijo ne siriri, takalminsa na sheƙi duk da ƙurar layin, kullum da minti a kumatunsa, har Mai Firji ya sa masa suna Mai Minti a ransa. Ya yi sallama, ya nemi wurin zama a kan wata firiza, ya miƙa wa Mai Firji minti ɗaya.

"Sannu da wannan abu, Malam. Allah ya kiyaye gaba. Ni aikina kaɗan ne, in ji yadda abu ya faru, in rubuta, manya su sa hannu. Ta wane gefe ka faɗi?"

"Ta dama."

"Ta dama. Haka babur ɗin ma ya nuna. Na je na gan shi a caji ofis, ya ji jiki." Ya juya mintin zuwa ɗaya kumatun. "Amma kai Allah ya so ka. Ka ga hannuwanka ko ƙwarzane babu. Ni da na faɗi daga keke ina yaro, har yau ga tabo."

"Tsautsayi ne da ya zo da sauƙi."

"Ƙwarai kuwa. Sai dai abu guda ne ya ba ni tausayi. Ka san salansa, bututun hayaƙin nan, in ta yi zafi ba ta da mutunci. Na ga wani ƙyallen wando ya narke ya manne a jikinta, da ɗan abin da ba ƙyalle ba. Na ce kai, wannan bawan Allah ya sha wuya."

Bai dubi ƙafar Mai Firji ba. Agogon bango ya duba, da jerin bututun tagulla da ke rataye, da tukunyar gas.

"Tana nan tana warkewa," Mai Firji ya ji bakinsa ya faɗa.

"Madalla. Ba sai ka kwance mini ba, ni ba likita ba ne. Likitan kamfani zai duba ka, ƙa'ida ce kawai. A wane asibiti aka wanke maka?"

"A gida."

"A gida. To ai gara haka, asibitocin nan sai ɓata lokaci. Ni ma yawonsu nake yi kwanan nan, ina tambaya ko an kawo musu mai ƙunar salansa, don in haɗa takardunka da nasu. Ashe wahalar banza nake yi." Ya tashi ya kakkaɓe bayan wandonsa. "Gida lafiya? Yara? Na ji an ce kana da ƙane."

"Yana nan. Ya ɗan yi tafiya."

"Allah ya dawo da shi lafiya."

Daga ranar aka daina ko maganar kai Auta asibiti. Mai kemis ɗin bakin layi ne yake shigowa da sassafe ta ƙofar baya, ya wanke raunin, ya ɗaure, ya yi allura, a sallame shi da roƙon ya riƙe bakinsa. Da farko Auta har barkwanci yake yi, yana cewa ya zama firji na sha ɗaya a ɗakin, kuma shi kaɗai ne mai zafi a cikinsu. Daga baya barkwancin ya ƙare. Bandejin ya fara jiƙewa kafin azahar. Wani wari ya fara fitowa daga ƙarƙashin ƙofar, Inna ta riƙa kunna turare tana cewa ɓera ne ya mutu a cikin katifun. 'Yan biyu aka hana su zuwa wajen.

"Baban 'yan biyu," in ji matarsa wata safiya tana zuba masa shayi, "ƙafar nan ba ta mai kemis ba ce."

"Na sani."

"In ka sani me kake jira?"

"A gama da mutanen inshora tukuna. Da zarar sun sa hannu, sai in kai shi wani gari."

"Ƙafar ta ce maka za ta jira sa hannunsu?"

Ya bar shayin ya fita.

Ana gobe zai ga likitan kamfani, ya rufe shago tun la'asar, ya saka sakata ta ciki. Ya yanko guntun bututun tagulla mai kauri, ya kama shi da filaya, ya kunna wutar da yake liƙe bututu da ita. Ya daɗe yana kallon tagullar tana sauya launi. Ya naɗe wandonsa na dama, ya tura tsumma a bakinsa. Sau biyu yana kai ƙarfen kusa da fatar yana janyewa. A na ukun ya tuna fuskar Inna a bakin ƙofar nan, ya runtse ido ya danna.

Da ya dawo hayyacinsa yana kwance a ƙasa, tsumman ya jiƙe da yawu, shagon ya cika da ƙauri. Maƙwabcinsa mai faci yana buga ƙofa yana tambaya ko waya ce ta kama. Ya ce masa roba ce ta narke.

Likitan kamfanin matashi ne mai sauri. Ya ɗaga bandejin, ya yamutsa fuska, ya ce, "Wannan ai kamar jiya aka yi ta."

"Ba ta son warkewa ne, likita. Ina tsaye a kanta kullum."

Likitan ya ɗaga kafaɗa ya rubuta abin da zai rubuta. Amma Mai Minti yana zaune a kusurwar ɗakin, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, kuma wannan karon ya dubi ƙafar. Ya daɗe yana kallonta. Har mintin ya daina juyawa a bakinsa.

"Sannu, Malam," ya ce a hankali. "Sannu ƙwarai." Da suka fito baranda ya ƙara da cewa, "Af, na manta ban gaya maka ba. Tsohon ya farfaɗo. Ya ce yana son ganin wanda ya buge shi. Ba dole ba ne, amma in ka ƙi zuwa mutane za su yi ta tambayar dalili."

Ɗakin da aka kwantar da tsohon dogo ne, gadaje a jere, fanka ɗaya ce ke aiki. 'Yarsa ce ke jinyarsa, mace mai jiki da idanu jajur saboda rashin barci. Ta dubi Mai Firji daga sama har ƙasa, ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Kai ne ka bar shi kwance a titi ka gudu?"

"Ni ne. A yi haƙuri."

"Haƙuri." Ta ɗauki filas ta fita neman ruwan zafi, tamkar ba za ta iya shaƙar iska ɗaya da shi ba.

Tsohon ƙarami ne a cikin gadon, kansa naɗe da farin ƙyalle, ido ɗaya a kumbure. Ya yafito Mai Firji da yatsa. Da ya matso, ya kama hannunsa ya shafa tafin, ya shafa kantar da ke yatsun.

"Me kake yi, ɗana?"

"Gyaran firji, Baba."

"Sana'a mai kyau. Hannun ma'aikaci ne wannan." Ya numfasa da ƙyar. "Ni ban suma nan take ba, ka sani. Na ɗan jima ina kallo. Wanda ya faɗi kusa da ni ɗan siriri ne. Yana ta jan ƙafarsa yana kiran Inna, Inna. Na ga ƙafar. Ta buɗe, har fari na gani a ciki." Idon nan ɗaya ya tsaya a kan Mai Firji. "An kai shi asibiti?"

Mai Firji ya waiwaya. Mai Minti yana can bakin ƙofa yana hira da wata nas, ya juya musu baya.

"Baba, ni ne..."

"Ba tambayarka na yi wane ne ba. Cewa na yi an kai shi asibiti?"

A daidai nan 'yar ta dawo, tsohon ya saki hannunsa ya rufe ido.

Bai koma shago ba ranar. Ya yi ta yawo a ƙafa yana ɗingishi, har ya tsinci kansa a mahaɗar da abin ya faru, kusa da gidan mai. Motoci na wucewa, mai jarida na ihu, babu alamar komai sai wani dogon zane da ƙarfe ya yi a jikin kwalta. Ya tsaya yana kallonsa har wani direba ya yi masa hon ya zage shi.

Kwanaki kaɗan bayan haka, da hantsi, wayarsa ta yi ƙara. Ɗan sandan nan ne na kan tebur, amma muryarsa ta sauya, babu sauran wasa a cikinta. Tsohon ya cika da asuba, jini ne ya taru masa a ka. Magana ta tashi daga hatsari ta koma ta rai. Ya zo caji ofis gobe da safe, ya zo da wanda ya yi belinsa, kuma ya zo da shirin ba lallai ya kwana a gida ba.

Ya koma gida don ya gaya musu, sai ya tarar da mai kemis a tsakar gida yana rufe jakarsa, ba a lokacin da ya saba zuwa ba.

"Malam, ni na cire hannuna," in ji mai kemis, bai yarda sun haɗa ido ba. "Abin ya hau har cinya. Ku nemi inda ya fi ƙarfina, kuma don Allah kada a ambaci sunana."

A ɗakin baya turaren ya kasa rufe warin. Auta yana kwance, leɓunansa sun bushe sun tsage, idanunsa a buɗe amma ba kowa yake kallo ba. Yatsun ƙafar sun yi baƙi. Yana ta magana ƙasa-ƙasa, yana cewa a tattara lemon kafin mota ta taka. Inna tana zaune a gefensa da tsumma da kwanon ruwa.

"Inna, tsohon ya rasu."

Tsumman ya tsaya a hannunta. Ta yi salati. Sannan ta ɗago ta dube shi, ya ga ta gane duka lissafin kafin ya faɗa mata. In ya yi shiru, shi za a rufe, Auta kuma ya ƙarasa a kan katifar nan. In ya kai shi asibiti a garin nan, an gama ganewa, kuma abin da zai miƙa ƙanensa gare shi yanzu ba ƙaramin laifin rashin lasisi ba ne.

"A kai shi wani gari," in ji ta. "Ka ce daga tsani ya faɗo."

"Ba zai kai wani gari ba, Inna. Dube shi."

"To ka kai shi nan ɗin, amma ka ce tsani ne. Babba, ka ce tsani ne. Ka yi mini wannan."

Matarsa ta riga ta fita ta tsayar da tasi. Mai Firji ya sunkuya ya ɗauki ƙanensa, ya ji shi sakayau kamar buhun da aka zazzage, ga zafi kamar bayan firjin da ya kwana yana aiki. Ƙunar da ya yi wa ƙafarsa ta tsage yayin da ya miƙe, ya ji ruwa na bin ƙwaurinsa, bai tsaya ba.

A ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa, likitar da ke aiki ta sa almakashi ta yanke bandejin. Nas ɗin da ke kusa ta kau da kai. Likitar ta dubi raunin, ta dubi doguwar ƙunar da ke gefensa, sannan ta dubi Mai Firji.

"Tun yaushe? Me ya same shi?"

Inna tana bayansa, yana jin numfashinta. Ta kama gefen rigarsa ta ja.

"Ina bukatar gaskiya," in ji likitar, "don in san irin dattin da ya shiga ciki. Ƙarfe ne? Ƙasa? Kwalta?"

"Kwalta ce," in ji Mai Firji. "Babur ne ya faɗi da shi, salansa ta danne shi. Ranar da aka buge tsohon nan a mahaɗar gidan mai. Shi ne ke tuƙi, ba ni ba."

Ya ji hannun Inna ya saki rigarsa.

Aka wuce da Auta ɗakin tiyata. Mai Firji ya zauna a kan benci a baranda, ya ciro waya ya kira ɗan sandan da kansa, sannan ya kira lambar da Mai Minti ya bar masa. Kafin la'asar dattijon ya iso, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Bai fito da minti ba.

"Ka sani tun farko," in ji Mai Firji.

"Na yi zato. Zato ba ya shiga rahoto. Na yi ta buɗe maka ƙofa ko za ka shigo da kanka, kai kuma sai ka je ka yi wa ƙafarka abin da ka yi. Ranar nan ban ci abinci ba." Ya murza goshinsa. "Ban san akwai wanda ke ruɓewa a ɗaki ba. Da na sani, da ban bi ka a hankali ba. Kuma maganar da na yi maka ta yawon asibitoci, na yi ta ne don in tsorata ka ka faɗi gaskiya, ban yi ta don a ɓoye marar lafiya ba."

"Tsoro na ji kada ku ƙi biya wa tsohon magani."

Mai Minti ya juyo ya dube shi sosai. "Wa ya ce maka za mu ƙi? Wanda aka buge ba ruwansa da wanda ke tuƙi. Da mun biya asibitinsa ko wane ne a kan babur ɗin, daga baya mu dawo kanka mu yi ta ja-in-ja, a hankali, kamar yadda ake yi da kowa. Ƙanenka kuma da tara ce da faɗa, tun da a lokacin tsohon yana da rai. Ba wanda ka tambaya?"

Babu wanda ya tambaya. Mai Firji ya sa kansa a tsakanin gwiwoyinsa, ya daɗe a haka.

Auta ya rayu, amma an yanke ƙafar daga saman gwiwa. Ya farka ya ga ɗan sanda zaune a kujerar mai jinya. Kamfanin inshora ya biya abin da ya shafi tsohon, ya soke takardun Mai Firji, ya kuma shigar da shi ƙara kan bayanin ƙarya. A kotu 'yar tsohon ta zauna a layin gaba. Da aka tambaye ta ko tana da abin faɗa, ta ce mahaifinta ya gaya mata tun a gadon asibiti cewa ba Mai Firji ne ya buge shi ba, ya kuma ce ta bar su su fito da kansu. Ta ce shi ya yafe, ita kuwa ba ta kai nan ba tukuna, kada kowa ya matsa mata. Alƙali ya yi la'akari da ƙafar, ya ba Auta ɗauri marar tsawo. Mai Firji ya sha tara mai nauyi da gargaɗi, har sai da ya sayar da rabin kayan shagonsa, ya koma bin gidaje da akwatin aiki a hannu.

Inna ta daina yi masa magana. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. In ya gaishe ta da safe sai ta amsa wa bango. In ya kawo cefane sai ta ce da matarsa, "'Yar nan, ɗauke kayan can." Shi kuma bai san ko fushin na maganar da ya faɗa a asibiti ba ne, ko na biye mata da ya yi tun ranar farko, yana kuma zaton ita ma ba ta sani ba. Matarsa ta ce ya ƙyale ta, ya ci gaba da gaisuwar.

Ya ci gaba. Wata safiya ya durƙusa a bakin ɗakinta kamar kullum, ya gaishe ta, ya yunƙura zai tashi, sai ya ji ta yi gyaran murya. Ta riga ta shirya, ga kwanon abinci ɗaure a ɗankwali a kan cinyarta.

"Babba, yau ranar ziyara ce a gidan yari. 'Yar nan ta ce ba za ta iya raka ni ba, yaran ba su da lafiya."

"Zan kai ki, Inna."

"An ce sandar da suka ba Auta ta yi masa gajarta, tana cin hammatarsa. Ka taho da abin awonka."

Ya shiga ya ɗauko tef ɗin awo daga akwatin aiki, ya sa a aljihu, ya karɓi kwanon daga hannunta. Suka fita bakin titi neman mota, tana gaba yana binta a baya.